Daga amapiano zuwa waƙa mai gudun 150 ba tare da an ja ko ɗaya ba

Nazifi Kurna:
Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a harkar nan. Idan ina cikin kiɗan amapiano, mai gudun bugu wajen 112 a minti, ina son hayewa zuwa waƙa mai gudu kamar 150, hanya biyu kaɗai na sani. Ko dai in yi ta ƙara gudu kaɗan-kaɗan har muryar mawaƙi ta lalace, ko in saka eko, wato amsa-kuwwa, in yanke in shigo da sabuwar. Amma na ji ana cewa akwai DJ a Ingila da ke ɗora waƙa mai 128 a kan mai 170, su biyun suna tafiya tare, ba a ja gudun ko ɗaya ba, kuma kiɗan ya zauna daram. Ta yaya hakan ke yiwuwa? Don Allah wanda ya sani ya warware min.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumussalam Nazifi. Yana yiwuwa, kuma lissafi ne mai sauƙi. Bari mu ɗauki lambobin da ba su da ɓurɓushi, 120 da 160. Waƙa mai 120 tana bugu biyu a daƙiƙa, saboda haka bugu uku daƙiƙa ɗaya da rabi ke nan. Mai 160 kuwa, bugu huɗu ne ke cika daƙiƙa ɗaya da rabi. Ka ga duk lokacin da ta farko ta yi uku, ta biyu ta yi huɗu, sai su faɗo tare. Tsakanin haɗuwa da haɗuwa kowacce na bin hanyarta, amma tunda haɗuwar ba ta saɓawa, kunne yana karɓarsu a matsayin kiɗa guda mai harɗe.

Abin da ka ji game da 128 da 170 shi ne wannan. Ka ninka 128 sau huɗu ka raba uku, za ka samu 170.67, wato gudun drum and bass, kiɗan da ya taso a Ingila a farkon shekarun 1990. Haka 120 da 160 ke haɗa salon kiɗan house da na footwork na Shikago. Naka kuma, 112 yana ba da 149.33. Ka ɗaga amapianon zuwa 112.5, ƙarin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, babu kunnen da zai ji, sai ta yi daidai da 150 cif.

Akwai kuma biyu da uku: 100 da 150, ko 90 da 135, ko 114 da 171.

Nazifi Kurna:
Na gode Injiniya. To kawai in saita 112.5 da 150 in danna su tare?

Injiniya Bashir:
Da farko ka kashe maɓallin sink, don shi aikinsa ya mayar da su gudu ɗaya, zai rusa maka komai. Sannan ka sani bugu yana haɗuwa da wuri, amma gaɓa ba ta haɗuwa da wuri. Da gaɓa ina nufin bugu huɗun nan da muke ƙirgawa, ɗaya biyu uku huɗu. A misalin 120 da 160, gaɓar ta farko daƙiƙa biyu ce, ta biyu ɗaya da rabi. Kawunansu ba za su sake haɗuwa ba sai bayan daƙiƙa shida, gaɓa uku a nan, huɗu a can. In kuwa zango mai gaɓa takwas kake jira, inda waƙoƙi ke sauya kaya, sai bayan daƙiƙa 48. A nan mutane ke faɗuwa. Bugun yana daidai, amma amshin wannan ya faɗo a tsakiyar baitin waccan.

Baba Lawal mai faifai:
Yaran nan kuna ba ni sha'awa. Mu a zamanin faifai abin da na'urar juya faifai ta Technics ta ba mu na sauya gudu kashi takwas cikin ɗari ne sama, takwas ƙasa, tun SL-1200 MK2 ta 1979. Daga 112 iyakarka wajen 121. Saboda haka mun koyi tsara dare ne, ka hau a hankali, in ka kai inda za ka sauko ka jira waƙar da ta ƙare da murya zalla. Abu ɗaya da ya yi kusa da zancenku shi ne maɓallin 33 da 45, wato yawan juyin faifai a minti. Faifan 33 in ka buga shi a 45, gudunsa ya ƙaru da kashi 35, kusa da ƙarin kashi 33 da uku da huɗun Bashir ke bayarwa. A Beljiyam, ƙarshen shekarun 1980, har salon kiɗa guda aka haifa daga buga faifan 45 a kan 33, suna ce masa New Beat.

Amma Bashir, ina da ja. Wa kake yi wa wannan lissafin? Mai rawa ba ya ƙirga uku cikin huɗu. Ƙafarsa tana kan bugu ɗaya. Ka kawo masa na biyu, ƙafa ta rasa wanda za ta bi.

Hajiya Hauwa mai shirya biki:
Baba Lawal ya riga ni. Ni ba DJ ba ce, amma ni ke tsaye a gefen fili ina kallon abin da kiɗanku ke yi wa mutane. Idan ƙawayen amarya suka shigo da rawar da suka kwana suna koyo, ko iyaye mata suka taso yin liƙi, abu kaɗan ke tsayar da su. Da zarar kiɗa ya rikice na ɗan lokaci, za ka ga hannu ya tsaya da kuɗi a sama, an juya ana kallon teburin DJ. Kuma uwar amarya ba DJ za ta kira washegari ba, ni za ta kira. Ku yi gwajinku, amma ba a lokacin liƙi ba don girman Allah.

Sagir Tudun Wada:
Hajiya gaskiyarki, amma abin da kike kwatantawa haɗin da aka yi shi ba daidai ba ne. Wanda aka yi da kyau ba za ki ma san an yi ba, sai dai ki ga fili ya ƙara zafi. Ni ina yinsa, ga yadda nake bi.

Ba na barin waƙoƙi biyu cikakku su yi ta kokawa. Waƙar da za ta fita, ina neman wurin da babu murya, shaka, wato kacau-kacau, da ɗan fiyano kawai. Sai in kama luf, wato guntun da zai riƙa maimaita kansa, na bugu uku maimakon huɗu: in danna shiga a kan ɗaya, in danna fita a kan huɗu. Wannan luf ɗin tsawonsa daidai yake da gaɓa ɗaya ta sabuwar waƙar, don haka matsalar da Injiniya ya faɗa ta gaɓa ta kau. Duk zagayowar luf kan gaɓa ne a waƙa mai zuwa. Sai in rage bes ɗin tsohuwar, wato sautinta mai kauri, har ƙasa, in bar luf ɗin ya zagaya kamar sau huɗu mutane su saba da shi. Daga nan in raba shi biyu, ya koma bugu ɗaya da rabi. In sake rabawa, ya koma kashi uku cikin huɗu na bugu. A wannan lokacin abin da ke fita daga lasifika yana bugawa sau 150 a minti, alhali ban taɓa gudun waƙar ba. Ƙafar mutane ta riga ta koma sabon gudu tun kafin sabuwar waƙa ta shigo. Sai in saki sabuwar da kik ɗinta, wato bugun babbar ganga, a kan ɗaya.

Wanda ke da miksar Pioneer ma yana iya yi da eko, ya saita shi a 3/4. Amsa-kuwwar da za ta biyo baya tana tafiya ne a gudun sabuwar waƙar.

Nazifi Kurna:
Yaya Sagir wannan ya shige ni sosai. To dawowa fa? Daga 150 in koma ƙasa?

Sagir Tudun Wada:
Dawowa ta hanyar da ka hau tana da wuya, don gaɓa ɗaya ta 112.5 ba ta faɗa kan cikakken bugu na 150 ba, bugu biyar ne da sulusi. Ka sauko ta biyu da uku. Luf na bugu shida a 150 daidai yake da bugu huɗu a 100, duka daƙiƙa 2.4. Ka ga ka tashi daga amapiano, ka bi ta waƙa mai gudu, ka sauka a afrobeats mai 100, babu waƙar da ka ja fiye da ƙiris. Hawa da uku da huɗu, sauka da uku da biyu, haka na riƙe shi a kaina.

Baba Lawal mai faifai:
To Sagir, ai ka dawo kan maganata ba ka sani ba. Ka cire bes, ka cire murya, ka yanka waƙar har ta zama ɗan guntun sauti. Wannan ba waƙa biyu ba ce a tare, yankewa ce mai ladabi. Ban ce ba kyau, na ce a kira abu da sunansa.

Injiniya Bashir:
Baba, rabin maganarka na karɓa. Hanyar Sagir gada ce, ana bi a wuce. Amma akwai masu tsayawa a kan gadar minti ɗaya ko biyu da gangan, su bar kik mai 128 a ƙasa, ganguna masu 170 a sama. A gidajen rawa na Landan da Balin, inda mutane suka zo don kiɗan kansa, wannan harɗewar ita suke nema. Sharaɗi ɗaya ne ba ya canzawa ko a can: bes ɗaya a lokaci ɗaya. Ƙafa bes take bi. Duk abin da ke sama, kafaɗa da kai ne ke ɗaukarsa, kuma jiki yana iya ɗaukar biyu.

Malam Garba Ɗan Makaɗa:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni gidanmu gidan kalangu ne, kodayake yanzu a situdiyo nake aiki da fiyano da kwamfuta. Baba Lawal, da girmanka, maganar cewa ƙafar mai rawa ba ta ɗaukar bugu biyu ban yarda da ita ba, aƙalla ba a ƙasar Hausa ba. Ka tsaya kusa da makaɗa a gidan biki ka kasa kunne. Kuntuku yana riƙe da hanya ba ya motsi, ɗan karɓi yana cike tsakani, babban kalangu yana yawo a kansu yana magana. Sau da yawa ƙafar masu rawa tana taka biyu a daidai lokacin da tafin mata ke ba da uku. Babu wanda ya ruɗe, babu wanda ya ƙirga. Yarinyar da ta tashi tana jin lugude a tsakar gida, taɓarya uku a turmi ɗaya kowacce da lokacin saukarta, ba za a koya mata wannan a allo ba.

Abin da ke rikita mutane a wurin DJ wani abu ne daban. Makaɗa suna jin juna, kuma akwai wanda ya riƙe hanya tun farko har ƙarshe. DJ kuwa yakan ɗauke hanyar gaba ɗaya ya kawo wata, ba tare da ya bar wa jiki abin kamawa ba.

Sannan ga abin da ya fi damuna, wanda ban ga kowa ya taɓo ba. Yawancin waƙoƙinmu na biki da na nanaye, kowane taku a cikinsu kashi uku yake rabuwa. Afrobeats da amapiano kuwa kashi huɗu. Saboda haka za ka ga yaro ya samu waƙar Hausa mai 100 da afrobeats mai 100, ya danna sink, lambobi sun yi daidai, kik yana faɗuwa tare, amma cikin kiɗan ya cakuɗe kamar ana rige-rige. Ya rasa dalili. Dalilin shi ne uku da huɗun da kuke nema a Turai, ga shi nan a cikin kowane bugu, shi bai san ya haɗa ba.

Isuhu Damagaram:
Malam Garba Allah shi biya ka. Wannan matsalar ita muke sha a nan kullum, har da kiɗan gita na Agadas, shi ma da yawansa a kan uku yake tafiya. Kuma manhajar DJ tana ƙara ɓata lamarin. Waƙa ɗaya ka saka ta, VirtualDJ ya rubuta maka 150 ko 75, kai kuwa in ka taka da ƙafa 100 kake samu. Ba na ce manhajar ta yi ƙarya ba, tafin ta ƙirga maimakon takun. Ni yanzu duk waƙar gida da hannu nake buga mata gudu kafin in yarda da abin da allo ya nuna.

Malam Garba Ɗan Makaɗa:
Yawwa Isuhu. To ka juya abin ta ɗaya gefen ka ga alherin da ke ciki. Waƙar da takunta 100 ne, kowane taku kashi uku, ƙananan bugu 300 ke nan a minti. Ka haɗa su bibbiyu, 150. Wato waƙar tana ɗauke da gudu biyu a cikinta tun daga situdiyo. Nazifi, gadar da kake nema tana cikin jakar waƙoƙinka. Ka fito daga afrobeats mai 100, ka shiga waƙar Hausa ta hanyar takun ƙafa, kik a kan kik, amma ka rufe saman afrobeats ɗin da wuri don kada shakarsa ta yi faɗa da kalangu. Ka bar ta ta yi tafiyarta. In za ka fita, ka fita ta hanyar tafin hannu, ka ɗora mai 150 a kan ƙananan bugun. Jama'a sun riga sun ji gudun nan a cikin waƙar da suke rawa da ita, ba baƙo ba ne a kunnensu.

Injiniya Bashir:
Wallahi ban taɓa kallonsa ta nan ba, kuma lissafin ya fita. Bari in ƙara irinsa a ɓangaren afrobeats. Ƙaramar sandar kiɗan nan da ke bugawa ta, ta, ta a yawancin waƙoƙinsu, tazararsa uku, uku, biyu ce in ka raba bugu biyu gida takwas. Tazarar uku ɗin nan ita ce daidai bugun waƙar da ta fi ta gudu da sulusi. Bugu uku na farko suna faɗuwa tare da sabuwar waƙar, na huɗu ne ke rigan ta. Shi ya sa luf ɗin Sagir ke zama da daɗi a kan irin waɗannan waƙoƙin, kunne ya riga ya ji alamar gudun.

Hajiya Hauwa mai shirya biki:
Malam Garba, naka na fi fahimta, don na san abin da kake nufi da tafi da taku. Amma ina nan kan bakana game da lokaci. Shigowar ango da amarya, liƙin iyaye, rawar ƙawaye, a bar waƙa ta kai ƙarshenta. Bayan an yanka kek manya sun fara tafiya, fili ya zama na matasa, nan ku nuna gwaninta.

Sagir Tudun Wada:
Wannan kam babu musu Hajiya. Ko ni a dina ba na yinsa sai ƙarshe-ƙarshe, kuma bai fi sau ɗaya ko biyu a dare ba. In ya yi yawa ya zama surutu.

Nazifi Kurna:
Na gwada yanzu da hedfon, 112.5 da 150. Farko ya zauna, amma kafin minti ɗaya sai na ji sun fara zamewa. Me ya jawo?

Injiniya Bashir:
Ɗayan biyu. Ko lambar da manhaja ta ba ɗaya daga cikin waƙoƙin ba daidai take ba, ko fedar gudu, wato abin da kake ja don sauya gudu, ba ta tsaya inda kake zato ba. Kuskuren 0.1 kawai, a cikin minti ɗaya ya zama kashi ɗaya cikin goma na bugu. A 150 bugu ɗaya daƙiƙa 0.4 ne, to zamewar ta kai 0.04, kuma kunne yana jin wannan sarai a kan ganga. Ka mayar da iyakar fedar zuwa kashi 6 maimakon 16 ko WIDE mai faɗi, don a 6 ne take motsi da ƙanƙanin mataki. Sannan ka zaɓi lambobin da uku ke raba su ba saura: 96 da 128, 105 da 140, 108 da 144, 111 da 148, 114 da 152. Sauran kuma hannunka ne a kan farantin na'urar, kana ɗan turawa kana ɗan riƙewa.

Akwai wata dabara in kana son sink ya taimake ka. Ka kwafi waƙar mai 150, a kwafin ka gyara lambar gudunta da hannu ka rubuta 112.5, ka dasa alamar farko a kan kik na farko. Manhaja za ta ɗauka gudunsu ɗaya ta kulle su. Sai dai ka sa wa kwafin suna daban, don luf da eko duk za su riƙa ƙirga da lambar da ka rubuta.

Baba Lawal mai faifai:
Wannan ta ƙarshen ban so ta ba. Yaro yana koyo, ka bar shi ya koya da kunne. Ranar da ya je wurin da kayan ba nasa ba ne, kwafin nan ba zai cece shi ba. Nazifi, ka rufe allon da ƙyalle, ka saurari wurin da suke haɗuwa kaɗai, bugu na farko a kowane uku. In sabuwar ta riga, ka riƙe ta. In ta makara, ka tura. Kada ka bi sauran bugun da kunne, za su ja ka.

Isuhu Damagaram:
Baba yana da gaskiya musamman a kan tsofaffin waƙoƙi da aka ɗauka da makaɗa a zaune. Waɗannan gudunsu yana numfashi, mawaƙi ya yi zafi makaɗa su bi shi, babu lamba ɗaya da za ta riƙe su daga farko zuwa ƙarshe. Manhajar Rekordbox tana da awo mai bin sauyin gudu, amma a kan kalangu ban ga ya cika dacewa ba. Ni luf nake kamawa a wuri mai tsabta in yi haɗin a kansa.

Tambayata ga Sagir: raba murya da kiɗa da VirtualDJ ya kawo tun 2020, Serato kuma a 2022, kana amfani da shi a nan? Ina tunanin a ɗauki murya zalla daga mai 100 a ɗora kan gangar mai 150.

Sagir Tudun Wada:
Ina yi, amma da sharaɗi. Murya mai ja, wadda ke tafe a hankali, tana zama a kan kowace ganga. Mai saurin baki kuwa, kowace gaɓar kalma tana kan ƙaramin bugu, in ka canza mata ƙasa sai ta yi kamar tana tuntuɓe. Waƙar Hausa mai kashi uku ita ce ta fi dacewa da abin da ka faɗa, saboda dalilin Malam Garba: ƙananan bugunta 300 ne, na mai 150 ma in ka raba biyu 300 ne, kalmomin suna samun wurin zama. Matsalar da nake samu ita ce manhaja tana ɗaukar kalangu a matsayin murya wani lokaci, tunda shi ma hawa da sauka yake, sai ka ji ɓurɓushinsa ya biyo mawaƙin.

Malam Garba Ɗan Makaɗa:
Kada ka yi ƙoƙarin goge shi Sagir, ka bar shi ya biyo. Shi ne zai riƙe wa masu rawa tsohuwar hanya har su gama hawa sabuwa. Abin da za ka kula da shi kawai amshi: gaɓa huɗu ta waƙar Hausa mai 100 gaɓa shida ce a 150, don haka ka zaɓi wurin da sabuwar waƙar ganga ce zalla mai tsawo, kada amshi ya dawo ya tarar ta riga ta sauya kaya.

Nazifi Kurna:
Na koma 111 da 148 kamar yadda Injiniya ya ce, na rufe allo kamar yadda Baba ya ce, yanzu suna kaiwa ƙarshen zango ba su zame ba. Malam Garba, waƙar Hausar da zan gwada da ita takunta 104 ne da na buga da hannu, ke nan 156 zan nema?

Malam Garba Ɗan Makaɗa:
156 ne. In ba ka da mai wannan gudun, ka sauke ta Hausar zuwa 102 ka ɗaga mai 150 zuwa 153, kowacce ta motsa wajen kashi biyu cikin ɗari, ka kunna makullin murya, mai hana murya sauyawa in an sauya gudu. Ka ɗauki haɗin ka turo mu ji, amma ta lasifika za ka ɗauka ba ta hedfon ba, ina son jin yadda bes ɗin ke miƙa hannu.